Kurɗawar Babur Tsakanin Motoci: A Ja Mata Layi Ko A Ci Gaba Da Kau Da Kai?

 

Wannan makon zan ɗan fitar da mu daga maganar jigo da zubi da salo, in kai mu bakin kwalta. Duk mai bi ta Tambuwal ranar kasuwa ya san yadda babban titin nan da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega yake komawa. Tirela ɗauke da albasa ko shanu ta tsaya, bas ta tsaya a bayanta tana sauke fasinja a tsakiyar hanya, mai baro ya ratso, masu talla sun cinye gefen titi. Motoci su yi cirko-cirko. Abu ɗaya ne ba ya tsayawa, shi ne babur. Ɗan kabu-kabu zai duƙar da kai ya kurɗa tsakanin tirela da bas kamar zare a kafar allura, fasinjansa ya matse gwiwoyi yana salati.

Kuma ba ɗan kabu-kabu kaɗai ba. Malamin makaranta yana yi, ma'aikacin asibiti yana yi, liman in ya makara yana yi. Shi kansa wanda aikinsa ne ya hana, in ya tuɓe kaki ya hau nasa babur da yamma, haka yake yi. Abin da kowa ke yi kullum, amma ba wanda ya taɓa koya wa kowa iyakarsa, shi nake so mu tattauna. Ra'ayina tun daga farko shi ne a halatta kurɗawar nan a rubuce, a gindaya mata sharuɗɗa masu tsauri, sannan a matsa wa wanda ya tsallake su. Na san akwai direbobi a cikinmu da ransu ya riga ya ɓaci da jin haka. A yi mini haƙuri a karanta har ƙasa.

Rabin gardamar da ake yi a kan wannan batu rashin suna ne ya kawo ta. Muna ɗaukar abubuwa daban-daban mu zuba a ƙwarya ɗaya mu ce "gangancin 'yan babur". Akwai mai babur da ya tarar da motoci a tsaye, layi biyu duk sun fuskanci gaba, ya bi ta tsakaninsu sannu a hankali har ya isa gaba. Wannan ita nake kira kurɗawa, ita nake karewa. Akwai kuma wanda motoci ke tafe da gudunsu, shi ma ya buɗe wuta yana saƙa a tsakaninsu, hagu da dama. Wannan wasa da rai ne. Sai wanda ya bar hannunsa gaba ɗaya ya shiga hannun masu tahowa, ko ya haye gefen da masu tafiya a ƙasa da 'yan talla suke. Shi wannan ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na yarinyar da ke tallan gyaɗa. Muddin kalma ɗaya muke kiran su da ita, to ko dai a hana duka, abin da ba zai yiwu ba, ko a ƙyale duka, abin da muke ciki yanzu.

Me ya sa za a bar mai babur ya wuce alhali mai mota na jira? Direba na ganin rashin adalci ne, ya riga shi zuwa amma an wuce shi. To a duba inda mai babur yake in ya tsaya a layi. Gabansa bayan tirela, bayansa hancin wata motar. Mai mota in aka buge shi ta baya, but ɗinsa ne zai lotse, a yi cacar baki, a tafi wurin mai gyaran jiki. Mai babur jikinsa ne but ɗin. Direban baya ya ɗan duba waya ko birki ya ƙi kamawa, shi ke nan an matse mutum tsakanin ƙarfe biyu. Ga zafin ƙasarmu, wanda a watan Afrilu yake haura digiri 40, ga hayaƙin salansar tirela a fuska, ga inji mai dogaro da iska don ya huce, in ya daɗe a tsaye yana aiki sai ya ɗau zafi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane minti da babur ya yi yana kunne a wuri ɗaya daga cikin balas ɗin da yaron zai kai wa mai babur da dare ake cirewa.

Shi ma direban da ke jin haushi yana cin riba bai sani ba. A ƙaddara baburan da ke shiga Tambuwal ranar kasuwa daga Kebbe da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da ƙauyukan da ke kewaye, kowanne ya kama gurbin mota guda ya tsaya a layi. Ina layin zai ƙare?

Ba mu ne farkon masu wannan muhawara ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an daɗe ana yi ba tare da doka ta ce e ko a'a ba, sai a 2016 gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta ambaci abin da sunansa, ta fara aiki a farkon 2017. Kafin nan, a 2015, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya reshen Berkeley sun duba haɗurran babur kusan 6,000. Suka gano cewa waɗanda haɗari ya rutsa da su suna cikin kurɗawa ba su kai sauran samun rauni a kai ko mutuwa ba, kuma ba a cika buge su ta baya ba. Amma binciken nan ya nuna su ne suka fi afka wa bayan wata motar, kuma sauƙin raunin yana tafiya ne da sharaɗin cewa mai babur bai fi motocin da yake wucewa gudu da sama da kimanin kilomita 24 a awa ba. Masu son a halatta sukan karanto rabin farko su yi shiru a kan na biyun.

Jihar Yuta, ita ma a Amurka, ta halatta a 2019 da sharaɗin motocin su kasance a tsaye cak, titin yana da aƙalla layi biyu masu fuskantar wuri ɗaya, kuma babur kada ya wuce kimanin kilomita 24 a awa. A Ostireliya, jihar da birnin Sidni yake cikinta ta halatta tun ranar 1 ga Yuli, 2014: kada a wuce kilomita 30 a awa, ban da mai lasin koyo, ban da gaban makaranta a lokacin shiga da tashi, ban da bi ta gefen titi ko kusa da motocin da aka ajiye.

Labarin Faransa ya fi ba ni sha'awa, domin su ba su yi gaggawa ba. Sun fara gwaji a 2016 a wasu yankuna kaɗan. Da aka zo duba sakamako a 2021, sai aka tarar haɗurran babur sun ƙaru da kashi 12 cikin ɗari a titunan da aka yi gwajin. Ba su ɓoye ba, ba su kuma watsar ba. Suka sake wani gwajin da gyararrun sharuɗɗa da ƙarin wayar da kai, sai a watan Janairun 2025 suka shigar da abin cikin dokar hanya ta ƙasa baki ɗaya. Shekara tara kenan ana auna abu ɗaya. Duk wanda ya ce maka halattawa kaɗai tana rage haɗari, ka tuna masa da kashi 12 ɗin nan.

Yanzu mu dawo gida, don a nan maganar take da ƙashi. Duk dokokin da na lissafa an gina su a kan titi mai layi biyu ko fiye da ke tafiya wuri ɗaya, da farin fenti a tsakani. A cikin birnin Sakkwato akwai irinsu, tagwayen tituna kamar na Ahmadu Bello da na Abdullahi Fodiyo. Amma titin da ya ratsa Tambuwal layi ɗaya ne na zuwa, ɗaya na dawowa. Wanda ya bi "tsakanin motoci" a nan, tsakanin mai tafiya da mai tahowa ya bi. In layukan biyu duk sun tsaya cak, da sauƙi. Da zarar ɗaya ya motsa, mai babur ya zama yana fuskantar tirela gaba da gaba, ba shi da wurin komawa domin gurbin da ya baro wani ya cike. Mafi munin abin da ke faruwa ranar kasuwa shi ne babura goma su biyo bayan na farkon, na can gefen su ma su yi haka, a haɗu a tsakiya a cushe. Gosulon minti biyar ya koma na awa guda, kowa na danna oda yana zagin kowa.

Don haka in wani ɗan majalisa ya kwafo dokar Yuta daga intanet ya kawo mana, ta yi wa birnin Sakkwato amfani a wasu tituna, amma a Tambuwal da Kebbe takarda ce kawai. Mu abin da zai yi mana aiki shi ne a ce: a titi mai layi ɗaya, babur na iya wucewa ne kawai in motocin hannunsa sun tsaya, ya bi ta hagunsu a jere ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya tsallaka tsakiyar titi ba. In babu sarari, ya jira kamar kowa. Wannan kuwa yana buƙatar a san ina ne tsakiyar titin, wato a shafa fenti a kuma riƙa sabunta shi. Kuɗin fentin kilomita biyu na cikin gari bai kai kuɗin kwalliyar taron siyasa guda ba.

Sai maganar gudu. Lissafin ba wuya, ko ɗan sakandare zai yi shi. Babur mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a daƙiƙa ɗaya, wato tsawon ƙaramar mota da ɗan ɗori. Mai tafiyar 60 yana cin kusan mita 17. Tsakanin ido ya ga an buɗe ƙofar mota da hannu ya kama birki akan yi daƙiƙa guda ko fiye, ka ga mai 60 ya wuce mota uku zuwa huɗu bai ma fara tsayawa ba. In ya kama birkin kuma, nisan da zai ja kafin ya tsaya ba ninki uku ba ne na mai 20, ninki tara ne. A tsakanin motoci tsayayyu kuwa komai na iya ɓullowa: yaron mota ya diro, almajiri ya ratso da kwano, akuya ta kufce.

Matsalar ita ce a leƙa baburan haya goma a tasha a ga nawa ne agogon gudunsu ke aiki. Dokar da ta ce "kilomita 20" ga mutumin da allurar agogonsa ta kwanta tun bara ba ta ce masa komai ba. A bar lambar a takarda saboda kotu, amma a gaya wa mai babur da harshen sana'arsa: in kana kurɗawa kada ka wuce giya ta biyu, yatsunka su zauna a kan birki. Wannan kowa ya gane, fasinja ma zai iya ji a kunnensa ya ce, "Malam, sassauta."

Akwai kuma abin da Bature bai sa a lissafinsa ba, wato faɗin kayanmu. Shi mutum ɗaya ne a kan babur, da hular kwano da rigar fata. Mu Boxer ko Daylong ɗaya tana ɗauke da magidanci da matarsa da goyo, ko buhun gero biyu a gicciye, ko rodi, ko tunkiya a ɗaure. Mai tuƙi yana auna sarari da faɗin kan babur, ya manta gwiwar fasinja ta fi kan fitowa, buhu kuma ya fi gwiwa. Hijabi da babbar riga na iya maƙalewa a madubin mota ko ƙugiyar bodin tirela. A ganina duk babur da ya ɗauko fiye da fasinja ɗaya, ko kayan da suka fi kansa faɗi, ba shi da izinin kurɗawa ko kaɗan. Haka nan gefen tirela da tanka. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune, kuma daga can saman kujerarsa akwai wurare a damarsa da gaban hancinsa da ba ya gani ko da madubi. In zai sha kwana, tayoyin baya sukan yanke hanya su bi ta ciki, daidai inda mai babur ya laɓe yana jin ya samu mafaka. Wanda ba ya hango fuskar direba a madubi, direba ma ba ya ganinsa.

Wani zai ce, duk wannan surutu ne, a ƙasar da ba a bin doka me sabuwar doka za ta ƙara? Hujja ce mai ƙarfi, kuma tana da tarihi. A ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, sai ga 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, labarin har ya kai kafafen watsa labarai na ƙasashen waje. Yau a ƙirga masu hular kwano tsakanin Tambuwal da Kebbe. Akwai kuma tsoron cewa da zarar an sanar, kalma ɗaya za ta isa kunnen yaran tasha, wato "an halatta", sharuɗɗan su faɗi a hanya.

Amsata ita ce dokar hular kwano ta nemi talaka ya fitar da kuɗi ya sayi abin da ba shi da shi, ya kuma kifa shi a kai cikin rana. Wannan kuwa ba ta neman kobo. Tana ba shi wani abu ne, sannan ta nemi wani abu a madadinsa. Kuma babban amfaninta ba a lokacin da jami'i ke tsaye yake ba, yana zuwa ne bayan an yi karo. Mu duka mun san yadda ake shari'ar haɗarin babur da mota a bakin titi. Kafin ƙiftawar ido 'yan kabu-kabu sun kewaye motar, direba ko yana da gaskiya sai ya biya don ya tsira da gilashinsa. In kuma mai motar wani Alhaji ne mai hanya, yaron ne zai kwana a caji ofis da karyayyar ƙafa, babur ɗin da ba nasa ba yana tsare. A duka biyun yawa ko ƙarfi ne ya yi hukunci. A jerin laifukan da ake cin tara a kansu akwai tuƙin ganganci da wuce mota ba bisa ƙa'ida ba, amma jerin bai ja wa mai babur layin da zai ce nan ne iyakata ba, don haka kowace kurɗawa tana iya zama laifi in an ga dama, tana iya zama ba komai in an ba da na goro. In akwai sharuɗɗa sanannu, tambayoyin sun zama masu amsa. Motocin a tsaye suke? Ya tsallaka tsakiyar titi? Mutum nawa ya ɗauko? Direba ya duba kafin ya buɗe ƙofa? Mai unguwa ma zai iya raba gardama da waɗannan.

Dalili na biyu da ya sa nake son a tsara abin shi ne na ga inda rashin tsari yake kai gwamnatoci. In suka gaji, hanawa suke yi dungurungum. Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006. Kano ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Legas ta bi mataki-mataki, a 2012 da 2020 da 2022, kuma da yawan waɗanda aka ƙwace wa babura can yaranmu ne 'yan ci-rani. A 2021 jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. Dalilan sun bambanta, na tsaro daban, na cunkoso daban, amma duk lokacin da aka tashi hanawa ba a samun mai tsaya wa ɗan babur, domin kowa na da haushinsa a ciki. Mutumin birni in an hana babur zai hau Keke Napep. Matar da naƙuda ta kama a wani ƙauyen Kebbe cikin damina, hanya ta yanke, babur ne motar asibitinta. Sana'ar da muke dogaro da ita haka bai kamata a bar ta tana tara wa kanta maƙiya a kowace mahaɗa ba. A Kigali ta ƙasar Ruwanda babur ɗin haya na nan birjik, kowane da riga mai lamba da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Su ma ba mala'iku ba ne, tsari aka yi musu aka tsaya a kai.

Wa zai yi? Titin Sakkwato zuwa Jega na gwamnatin tarayya ne, ƙa'idar tuƙi a kansa sai an haɗa da Hukumar Kiyaye Haɗurra. Majalisar Dokokin Jiha tana iya farawa da titunan jiha a cikin birni, ta ɗauki tagwayen tituna biyu ko uku ta yi gwajin shekara guda, a ƙirga waɗanda ake kaiwa asibiti kafin da bayan gwajin, a bayyana wa jama'a ko da sakamakon bai yi daɗi ba. Ƙaramar hukuma kuwa kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa mata kula da kasuwanni da tashoshin mota, kuma cunkoson Tambuwal daga nan yake tasowa. A matsar da masu kasa kaya daga bakin kwalta, a sama wa tireloli wurin tsayawa a wajen gari, a hana lodi a kan titi, rabin kurɗawar ma ba za a buƙace ta ba. Ƙungiyar 'yan kabu-kabu tana da wakili a kowace tasha da ke yankar tikiti kullum ba fashi. Wanda ya iya bin mutum ya karɓi kuɗin tikiti zai iya hana shi lodi na kwana uku in ya ci hannun wani.

Mu kuma marubuta da namu kason. Sau nawa muke kashe tauraro ko mahaifin tauraruwa da jimla ɗaya, "mota ta kaɗe shi a kan mashin", don labari ya samu hanyar ci gaba? Ba ma faɗin ta ina ya bi, me direba ya gani, wa ya biya mai ɗori, me ya faru da balas ɗin ranar. Ɗan kabu-kabu a littattafanmu ko ɗan iska ne ko abin tausayi, ba kasafai yake zama mutum mai lissafin kansa ba. In dokar nan ta zo da Turanci za ta zo, wani a ofis ya fassara ta da Hausar da ba mai yi a tasha. Ina ba da shawarar duk mai sha'awa a cikinmu ya gwada rubuta sharuɗɗan nan a matsayin sanarwar rediyo ta minti ɗaya, irin wadda za a iya sa wa a Rediyon Rima, da Sakkwatanci in ya iya, a bakin wani tsohon direba da yaron tasha. Wanda ya iya ajami ya yi mana kwafi da shi, don da yawan masu babur a ƙauyukanmu shi suka fi karantawa. In kuma wani yana da kalmar da ta fi "kurɗawa" dacewa, wadda za ta raba ta da saƙa da cin hannu, ya kawo mu auna ta.